Amshin Waƙa ta Bakwai

Da ya dawo gida, ya tarar an sare bishiyar bakin layi. Shagon mai aski ya koma wurin sayar da waya. Ƙanwarsa Auta, da ya bari tana waƙar hip-hop da hula a karkace, yanzu malamar lissafi ce, tana sanye da awarwaron Mama suna ƙara duk inda ta motsa hannu. Ɗakin Mama a rufe, shekara biyu ke nan da rasuwarta. Sakatar ƙofar gida ta yi tsatsa ta ƙame a buɗe. Ya ja, ya ja, ta ƙi motsi, ya ce a ransa gidan nan ba mai kula da komai.

Shekara takwas ya yi a waje. Bai zo jana'iza ba, kuma yanzu ma ba don kabari ya dawo ba. Doguwa ya zo nema.

Su uku ne a ƙungiyar waƙar: Auta, da wata da ake ce wa Ƙarama, da Doguwa mai kaurin murya, wadda ba ya iya haɗa ido da ita. Shi ke haɗa musu kiɗa. Saboda kiɗan ya bar makaranta ana saura wata biyar ya gama. Ranar da Mama ta ji, ta dawo daga aikin asibiti ko takalmi ba ta cire ba, ta zare wayar sifika daga bango, ta ce ya zaɓa: ko makaranta, ko wannan hayaniyar. Matar da ko guɗa bai taɓa jin ta yi ba, me ta sani game da waƙa? Haka ya faɗa mata a gaban Auta. Ya zaɓi jakarsa. Ya bar wa Injiniya, mai sutudiyon bayan kasuwa, kiɗa goma, ya hau mota.

Auta kaɗai yake amsa wa saƙo, ita ma da sharaɗin kada ta ambaci Mama. Bayan wata huɗu ta turo masa kundinsu na farko.

Cikin waƙa goma, tara fitsara ce zalla, ta 'yan mata masu ji da kansu. Ta bakwai daban take. Bayan baitin Auta sai kiɗa ya lafa, wata murya mai kauri ta shigo a hankali:

Ban sa sakata ba, ban kashe fitila ba,
in ka gaji da yawo, hanya ta san ƙafarka.

A ƙarshen kowane layi akwai wani ɗan ƙaran ƙarfe da ba shi ya sa a kiɗan ba. Ya yaba wa Injiniya.

Ya wanke kwanuka da waƙar nan a kunne. Ya yi dako da ita, ya yi gadin sito da ita, ya yi jinyar wata uku da ita. Ya san wa Doguwa take yi wa magana. Kunya ce ta hana shi kira hannu wayam, sai ga shekara takwas ta wuce.

A kantin magani ya same ta, da goyo, ta yi ƙiba, tana yi wa wani tsoho bayanin ƙwaya. Ta yi murnar ganinsa, ta tsokane shi wai yawon duniya bai ƙara masa ko tsoka ɗaya ba. Da ya rera mata layin farko, sai dariyarta ta tsaya. Ta ce makon da aka ɗauki ta bakwai tana kwance da ciwon maƙogwaro, ko ruwa da ƙyar take haɗiya. Ta ce ya tambayi ƙanwarsa.

Da ya tambaye ta a gida, Auta ta ci gaba da duba takardun ɗalibai. Ta ce ai shi ya kafa sharaɗi, ita bin doka kawai take yi. Ya ce wace doka kuma, ana maganar waƙa? Ta tashi ta shiga kicin.

Injiniya ya yi furfura, sutudiyon ya koma rabin ɗaki, kwalin ƙwan da aka manna a bango don tare ƙara duk ya ɓaɓɓake. Ya ce muryar ya ɗan ɗaga ta, ya lulluɓe ta da amo, don haka aka roƙe shi. Suna kuwa ba zai faɗa ba, ya yi alkawari. Amma shi al'adarsa tun yana yaron shago, yana kunna na'ura kafin mawaƙi ya shirya, kuma bai taɓa goge komai ba.

"Bakina ne ya yi alkawari," ya ce yana tura masa fayil ɗin a waya. "Na'ura ba ta yi ba."

Bai buɗe ba. Me zai yi da muryar wata baƙuwa? Abin da ya zo nema ba ya nan. Washegari da hantsi ya yanki tikiti, ya dawo ya baje jaka a kan katifa. Yana ninke riga ta uku ya sa abin ji a kunne ya kunna fayil ɗin, don dai ɗakin ya yi shiru da yawa.

Babu kiɗa. Ƙarar kujera. Injiniya yana cewa a matso kusa da makirufo. Auta tana dariya ƙasa-ƙasa. Sai awarwaro suka yi ƙara, aka yi gyaran murya sau biyu, irin wanda ake yi a ƙofar ɗakinsa kafin a tashe shi makaranta.

"Ku rage gangar nan, yaron nan komai nasa hayaniya," in ji Mama. "Kuma kada wanda ya gaya masa ni ce. In ya sani, ba zai saurara ba."