Kwalbar da na kai wa Yaya Tanimu

Na yarda, shekara talatin ina yi wa Yaya Tanimu dariyar tuwon dawa da miyar kuka. Yanzu asibiti ta daina ba da maganin kumburi. Ƙwayoyin halittar da ke rayuwa a hanjin ɗan'uwa ake dasa wa mutum, su riƙa sarrafa abin da ke kwantar da kumburin. Likita ta ce nawa sun ƙare, in nemo na mai cin abincin ƙauye.

Na je da gwiwa kamar kabewa, na miƙa masa kwalbar asibiti.

"Ɗan birni, kai da ke ƙyamar tuwonmu, yau bayan-gidana kake roƙo?"

"A taimaka, Yaya."

Ya gama dariya, ya zagaya.

Sakamako ya nuna nasa ma sun ƙare. Shekara shida taliyar leda yake ci, wadda nake aika masa duk wata.