Koren da Ta Daɗe Tana Nema

Malamar asibiti ta tsoma tsinken gwaji a kwalbar fitsarin, bakinsa ya rikiɗe kore. Mai cikin ta shagala da kallo. Shekara goma tana rini, wannan koren take gani a mafarki, bai taɓa fito mata a baho ba.

"Ya yi kyau," ta ce a hankali.

"Ba alamar kirki ba ce, 'yar'uwa. Ƙodarki na zubar da abin da ya kamata ta riƙe. Gado za mu ba ki."

Sati biyar tana kwance tana haɗa launi a zuci, har ta sauka lafiya.

Ranar rigakafi, malamar ta bi zanen goyon jaririyar da kallo. Koren nan ne sak.