Bangon Lantana Ya Tsiro

Shekara bakwai ke nan kuɗin tallafi na shigowa wayar kowane magidanci a Gidan Kanya, bisa sharaɗi ɗaya: duk wanda aka kama da irin shuka, an yanke masa har abada. Shi ya sa Lantana ta cuɗa geron da mahaifinta ya bari cikin laka, ta yaɓe bangon ɗakinta don ta ɓoye shi.

Sai ruwan farko ya sauka. Ranar da na'urar binciken masu ɓoye iri ke shawagi a sama, ta fito ta tarar bangon ya yi kore shar.

"Malam," ta ce wa mijinta, "ya tsiro."

Ya miƙa hannu zai tuge, hannun ya ƙi. Daga bayan gari, ƙugin na'urar sai matsowa yake.