Gas ɗin da ke Cikin AC ɗin Baba

Mai gyara ya zaro AC ɗin daga taga ya dire shi a tsakiyar ɗaki, Auta na tsaye a kansa kamar ta karɓi aikin ta yi da kanta.

"Don Allah Malam ka yi sauri, kalli yadda yake haki."

Baba na kwance sharkaf da gumi. Wata huɗu ke nan ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Likita ya ce kar a kuskura a bar shi cikin zafi. Ga rana tsaka, ga AC ya koma hura iska mai ɗumi. AC ɗin da Baba bai taɓa yarda wani ya sa wa hannu ba, kullum cikin yabonsa yake wai ba ya shan wuta.

Mai gyara ya nuna wani siririn bututun jan ƙarfe a nannaɗe.

"Nan ya toshe. Ta nan gas ke matsewa ya fito da sanyi. Amma wa ya sa wannan? Ya fi na kamfani tsawo, bai dace da gas ɗin da aka rubuta a jiki ba. Aikin 'yan koyo!"

Baba ya yi wani irin gurnani.

"Ka ji ko? Ni dai ka canza kawai!"

Mai gyara ya datse bututun. Gas ya yi ta tsiyaya, fuuu, ba wari ba komai. Ya jawo kan walda, ya laluba aljihu ya ciro ashana.

Idon Baba ya firfito. Hannunsa mai lafiya ya hau dukan katifa. Auta ta ce a ranta shi ke nan, tafiya ce ta zo.

"Baba ka yi haƙuri, yanzu za a gama! Malam kunna mana!"

Tsinken farko ya karye. Ya zaro na biyu.

Sai ji suka yi tim! Baba ya wuntsilo daga gado, ya ture kofin ruwa, ya cafke ƙafar wandon mai gyara. Auta ta ƙwala ihu ta yi kansa. Baba ya ƙi ɗaguwa. Ya tsoma yatsa a ruwan da ya zube, yana jan wani abu a kan siminti.

Biyu. Tara. Sifili.

Mai gyara ya kalli lambar, ya kalli bututun, ya saki ashanar a hankali kamar mai ajiye ƙwai.

"Buɗe ƙofa, kar ki taɓa makunnin fitila," ya ce. "Tsohon nan shi ya sauya bututun da hannunsa, ya ɗura gas mai lamba 290, mai kama wuta, kuma gas ɗin ga shi nan kwance a ɗakin har idon sawunmu."