Fankar mai ɗinkin riguna

Ka ce fankar da ke zuƙe iskar ɗakinka lafiya lau take tunda kana jin ƙararta? To gyara zama, Alhaji, ka ji. An yi wani mai ɗinkin manyan riguna da hannu, ɗakin aikinsa na jingine da banɗaki, ga gidan a bakin fadama. Da damina bango har gumi yake yi. Sai ya sa aka fasa bangon can sama aka dasa masa fanka, da bututu mai fitar da iska waje ta bayan ɗakin, aka haɗa ta da sola. Shekarar farko kam sai hamdala. Duk Juma'a yakan hau kujera ya goge mata fuska tas, ya saurari gurnaninta, ya sauko yana jin ya gama. Bayan ɗakin kuwa ko leƙe, wai ciyayi sun yi yawa. A damina ta uku wani dattijo ya damƙa masa farar shaddar da marigayi wansa ya bar masa, ya ce a ɗinka masa babbar riga da ita, yana so ya sa ta ranar ɗaurin auren ɗan marigayin. Wata huɗu mutumin nan yana duƙe a kanta har idonsa na ruwa. Da ya kammala ya rataye ta a ƙusa ƙarƙashin fankar, a ganinsa nan ne wuri mafi bushewa, ya ja ƙofa.

Matarsa ce abin ya fara ɗaure wa kai, ita kuwa ba ta iya barin abu bai ba ta amsa ba. In ta sa turaren wuta a falo da safe, kafin azahar ya watse, amma a ɗakin da ke da fankar sai ta tarar da ƙamshin har washegari. Yaya ɗakin da ake zuƙe wa iska zai fi riƙe hayaƙi? Ta gaya masa, ya ce haba, ba ki jin ta tana aiki? Ba ta yi musu ba. Ta tsinko zare a cikin nasa, ta taka kujera ta kai shi bakin fankar. Zaren nan ko motsi! Ta zagaya baya, ta ratsa ciyayi, ta ɗaga kai. Ashe zanzaro ya yaɓe bakin bututun da laka, gida kan gida, ko allura ba za ta shiga ba. Ta ƙwala masa kira, ya gani, ya ruga ya sauke rigar. Gefen da ke manne da bango duk fumfuna, baƙaƙen ɗigo sun ci har cikin aikin. Wanki uku, ba su fita ba. Wallahi har yau ina jin tausayinsa, domin saura kwana biyu ɗaurin aure ya naɗe ta a hammata, ya je ya durƙusa gaban dattijon, ya shimfiɗa masa ita yana ba shi haƙuri. Shi ya sa Hausawa suka ce, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.