Gaisuwa a Tsaye

Tun da ɓarin jikin Lantana ya shanye, hukuma ta ɗaura mata munduwa mai ƙirga faɗuwa. Duk wanda ya faɗi sau uku, motar gidan ajiye marasa lafiya ce ke ɗauke shi, kuma ba a dawowa. Ita ta yi biyu.

Ranar Juma'a surukinta, Alhaji Barau, ya zo dubiya. Ta gaishe shi a tsaye, tana dafe da bango.

Ya ce, "Ciwon har da ladabin ya shanye?"

"Baba, in gwiwata ta taɓa ƙasa, faɗuwa za ta ƙirga."

"Na sani. Durƙusa."

Ta juya wajen mijinta ko zai sa baki. A bayan ƙafarsa ta hango jakar kayanta, an riga an ɗaure.