Sandar Ƙanƙara Ta Bakwai

"Ina sanda ta bakwai?" tafinta ya daka masa tsawa. Baturen jirgin yana tsaye a bayansa, hannu biyu a ka.

Mai gadin gidan ƙanƙarar tashar Jidda ya juya ya kalli akwatunan. Jiya injin sanyin jirgin masu binciken teku ya mutu, aka kawo masa ajiyar akwatunan sandunan ƙanƙara. Matarsa kuwa kwana uku zazzaɓi na gasa ta a unguwar Ruwais, sai ya zari sanda ɗaya ya naɗe a buhu, ya kai gida ya narka mata a kofi. Ƙanƙara ai ƙanƙara ce.

Tafinta ya ci gaba, "Daga ƙarshen duniya aka haƙo ta, ya shaikh! Da ita za su auna yadda zafin duniya ke sauyawa. Shekararta dubu da ɗari huɗu, iskar wancan zamani na kulle a cikinta. Halas, iƙamarka ta zama a ƙasar nan ta tafi!"

Bai ma ji zancen iƙama ba. Lissafinsa ya tsaya cak a zamanin Manzon Allah. Ya tuna matarsa ta kara kofin a kunne kafin ta sha, ta ce, "Malam, saurara. Ruwan nan numfashi yake yi."